Karatu ya cinye mini lokacin ibada, ya zan yi?

"Mama ina wuni, ya aiki ya yara. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a ɗaya daga cikin makarantun nan na kan hanyar Dutsin-Ma, daga wajen Malumfashi nake. A gida kullum sai mun yi addu'ar safe kafin kowa ya fita, ina cikin kwaya (mawaƙan coci), ban taɓa fashin sujada ba. Amma tunda na zo makaranta abin ya lalace, lakca daga 8 har 6, ga firaktikal ga asaimen ga layin ruwa, in na dawo hostel ko Baibul na buɗe barci ke kwashe ni. Wata biyu ke nan rabona da taron zumuntar ɗalibai Kirista, ranar Lahadi ma wani lokaci wanki nake yi ko a sa mana tes. Har kunyar Allah nake ji. Ya zan yi in haɗa biyun ba tare da na faɗi jarabawa ba?"

Lafiya lau ɗiyata, sannu da karatu, sannu da ƙoƙari. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma in na fahimce ki da kyau abu biyu ne ke damunki ba ɗaya ba. Akwai na lokaci, wato ina za ki samu sarari ki yi addu'a ki karanta Maganar Allah ki je sujada. Sai kuma wanda kika ɓoye a ƙarshe, wannan kunyar Allah da kika ce kina ji, wanda ni a gani na shi ya fi nauyi. Na fi shekara goma ina koyarwa a nan Katsina ina kuma zama da 'yan zumuntar ɗalibai, kusan duk shekara sai wata ta zo ofis ta zauna a kujerar nan ta faɗa mini irin maganarki, wata har da kuka. Don haka ki kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba ja da baya kika yi daga bangaskiya ba.

Abin da ya canza da kika bar gida

Ki tuna yadda addu'ar safe take a gidanku. Waye yake tada ki? Na tabbata ba ke ba ce, ko Baba ne zai buga ƙofa ko ki ji muryar Mama ta ɗauko waƙa daga tsakar gida, ki fito kina murza ido ki zauna a tabarma. Ranar Lahadi kuwa ko ba ki so, kowa ya yi wanka ya fita, in kika zauna sai an tambaye ki me ke damunki. Wato lokacin ibadarki a gida wasu ne suka yanka miki shi suka riƙe miki shi, ke dai shiga kike yi. To yanzu kin zo inda ba mai buga miki ƙofa, wanda ke yanka miki lokaci yanzu shi ne mai tsara taimtebul da kilas ref da mai kunna famfo, su kuma ba ruwansu da addu'arki. Abin da ya faru ke nan, ba wani abu ba. Zuciyarki tana nan yadda take, katangar da kike jingina da ita ce aka bari a Malumfashi.

Shi ya sa ba na yarda in yara suka ce min "ba lokaci". Mu yi lissafi. Sati ɗaya awa 168 ne. Ki cire barci awa 7 kullum, 49 ke nan. Ki cire lakca da firaktikal, mu ce ma awa 45 don kar ki ce na rage miki. Saura awa 74, a ciki ne za ki yi karatunki na dare, girki, wanki, layin ruwa, hira, waya. Abin da zan nema a wajenki minti 15 ne da safe, sati ɗaya ya kama awa 1 da minti 45, sai sujadar Lahadi mu ce awa 3 har da zuwa da dawowa, sai zumunta sau ɗaya awa 1 da rabi. Duka duka bai kai awa 7 ba. Lokacin yana nan, matsalar ita ce ba shi da mazauni, kullum sai kin ce "in na gama kaza zan yi", shi kuma kaza ba ya ƙarewa a makaranta.

Ki ɗaure shi da abin da ba ya motsi

A nan ne zan ba ki labarin da nake ba kowa. Lokacin da nake ɗaliba akwai wata abokiyar ɗakina Musulma 'yar Daura, gadonta na ƙasa nawa na sama. Kwas ɗinta ya fi nawa wuya nesa ba kusa ba, amma ban taɓa jin ta ce yau ba ta da lokacin salla ba, ko ranar jarabawa. Da an kira asuba zan ji motsin buta, in ji ta dawo ta shimfiɗa darduma a ɗan lungun da ke tsakanin gado da loka, ni kuwa ina kwance ina jan bargo ina cewa bari in ƙara minti biyar. Wata rana cikin hunturu, sanyin nan na watan Janairu da ko hannu ba ka son fitarwa, ta idar ta miƙo hannu ta taɓa ƙafata ta ce, "Ke, tashi ki yi naki mana, kullum sai ki ce za ki tashi." Kunya ta kama ni ba kaɗan ba. Daga ranar kiran sallar asuba ya zama agogona, ita tana ƙasa a kan darduma ni ina sama da tocila da Littafi Mai Tsarki, ba mai damun wata, har muka gama makaranta.

Abin da na koya a wajenta shi ne ita ba neman lokaci take yi ba, lokacin a kafe yake, sauran harkoki ne ke zagaye shi. Mu masu bi ba a ɗora mana sa'o'i ƙayyadaddu ba, wannan 'yanci ne, amma in ba ki yi hankali ba 'yancin nan shi zai sa a yi wata guda ba ki durƙusa ba. Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ki duba Daniyel, shi ma ɗalibi ne a ƙasar da ba tasa ba, sura ta 1 ta ce shekara 3 aka ɗiba musu shi da abokansa na karatu a Babila, an canza musu suna an canza musu harshe. Can a sura ta 6 aya 10, lokacin ya zama babban ma'aikacin gwamnati aiki ya yi masa yawa, aka ce yana durƙusawa sau uku a rana kamar yadda ya saba. Wannan "kamar yadda ya saba" ɗin ita ce maganar. Yesu ma a Markus 1:35, bayan ya yini yana warkar da mutane har dare, da asussuba tun da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa ya yi addu'a.

Ke kina Katsina, ba ki da matsalar agogo. Ko NEPA sun ɗauke wuta waya ta mutu, ladan ba ya fashi. In asuba ta yi miki wuri saboda kin kai dare kina karatu, to ki nemi wani abin da kullum sai kin yi shi ki ɗaura addu'arki a jikinsa, misali da kin ɗora ruwan zafi ko ruwan shayi a risho, kafin ya tafasa kin karanta sura ɗaya. Abin da ba na so shi ne dare. Ke da bakinki kin ce barci ke kwashe ki, to me ya sa za ki ajiye wa Allah ragowar ƙarfinki na ƙarfe goma sha ɗaya? Da dare ki yi gajeriyar godiya ki kwanta, ya isa.

Akwai kuma wani sarari da yaranmu ba sa lura da shi, ranar Juma'a. Daga wajen ƙarfe 1 zuwa 2 da rabi makaranta tsit take, malamai da ɗalibai sun tafi masallaci, ba lakca ba tes. Kyauta ce aka ba ki duk sati. Na san wasu 'yan mata uku da suka mai da wannan lokacin na binciken Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya bayan lab, ba shugaba ba sakatare ba baiko, sura ɗaya su tattauna su yi wa juna addu'a su tashi. Haka suka yi har suka fita.

Me za ki karanta, nawa za ki karanta

Kuskuren da ake yawan yi, in mutum ya ji zafin ya yi nisa da Allah sai ya ɗauko babban buri, daga yau zan tashi ƙarfe 4 in yi awa guda ina addu'a, zan sauke Baibul cikin wata uku. Kwana huɗu ya fashe, sai kunyar ta ninka ta farko. Kar ki yi haka. Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne, ba gudu ake yi da shi ba. Sabon Alkawari kaɗai sura 260 ne, in kina karanta sura ɗaya a rana sau biyar a sati, Litinin zuwa Juma'a, sati 52 cif kin gama shi, shekara ɗaya ke nan, kuma yawancin surorin ba su wuce minti biyar ba. Ni dai ina ce wa yara su fara da Markus, sura 16 ce, labari ne mai sauri ba ya gundura. In jarabawa ta matso ki koma Zabura, ko Karin Magana mai sura 31 da za ki bi ta da kwanan wata. Ranar da abin ya ƙi gaba ɗaya, Zabura 117 aya biyu ce kacal, ki karanta ta ki fita, da babu gara ba daɗi.

Wace za ki karanta, ta Hausa ko ta Turanci? Ni ra'ayina da safe ki karanta ta Hausa. Kin yini kina fama da Turancin handawut, ƙwaƙwalwa ta gaji da shi, in kika buɗe na Turanci sai ya zama kamar wani kwas ne kuma. Tun 1932 aka gama fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, da shi kakanninmu na wajen Malumfashi da Kafur da Bakori da yawa suka koyi karatu ma, harshen da aka yi miki addu'a da shi kina goye ya fi saurin shiga zuciya. Wannan ra'ayina ne dai, in kin fi sakewa da na Turanci ba laifi.

Sai maganar waya. Akwai Baibul na Hausa a manhajar YouVersion, akwai na saurare ma, ki sauke ki sa abin kunne kina layin ruwa ko kina cikin kurkura, yana da amfani sosai. Amma na safe ki yi da na takarda. Na gwada da kaina, ka buɗe waya da niyyar Yohanna sura 3 sai ka ga saƙo 86 a gurup ɗin aji, wani ya ce an ɗage lakca wani ya ce ba a ɗage ba, kafin ka farga minti ashirin sun tafi ko aya ɗaya ba ka gani ba.

Zumunta, amma da awo

Yanzu bari in taɓo inda wasu shugabannin zumunta ba za su ji daɗina ba. Ki koma zumunta, wannan ba tantama, Ibraniyawa 10:25 ta ce kada mu bar yin taronmu, kuma yarinya ita kaɗai a makaranta ba 'yan'uwa masu bi da za su tambaye ta ina kika shiga, abu ne mai haɗari. Ƙungiyoyin zumuntar ɗalibai Kirista ba jiya aka fara su ba, FCS tun 1957 aka kafa ta a Gindiri, akwai NIFES, 'yan Katolika suna da NFCS, dukansu don irin matsalarki aka yi su. Amma zuwa zumunta daban, mai da kai jakin zumunta daban.

Ni na yi wannan wautar. Ina aji uku aka ba ni sakatariya, ga kwaya, ga masu fita bishara ƙauyuka. Litinin mitin ɗin shugabanni, Talata bincike, Laraba addu'a, Alhamis da Asabar koyon waƙa, Juma'ar ƙarshen wata kwanan addu'a. Kowa na yaba ni, 'yar'uwa wance akwai himma. Da rizal ya fito kari-oba biyu, wato na faɗi kwas biyu. Na je gida hutu na miƙa wa Baba takardar, mutumin da ya sayar da buhunan masararsa ya biya min rajista, ya daɗe yana kallon ta yana juyawa duk da ba wani Turanci yake ji sosai ba, sai ya ce, "To, Allah ne ya ce kar ki yi karatun?" Bai ƙara ko kalma ba. Abin da ya fi ba ni tsoro da na zauna na yi tunani, duk zangon nan ban taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki don kaina ba sai in an ce ni zan jagoranci wani abu. Ina ta hidima kamar Marta a Luka sura 10, zama a gaban Ubangiji kuwa babu.

Don haka taro ɗaya a tsakiyar sati ya ishe ki, ki zaɓi wanda ya fi ciyar da ke ki riƙe shi gam. Hidima ɗaya, in kwaya ce kwaya, kar ki haɗa da wata. In sun zo da maganar muƙami, tunda sun ga kina da murya za su zo, ki ce za ki yi addu'a a kai, ki duba taimtebul ɗinki da rizal ɗinki kafin ki amsa. Wanda ya ce miki ƙin karɓar muƙami rashin ruhaniya ne, ki tambaye shi ko shi zai rubuta miki jarabawa. Karatun nan da kike yi shi ma aikin Allah ne, Kolosiyawa 3:23 ta ce duk abin da kuke yi ku yi shi da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji kuke yi wa, ba a cire kemistiri a ciki ba. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, kwanan addu'a ana gobe jarabawa ba ya maye gurbin handawut ɗin da ba ki buɗe ba tun farkon zango.

Lahadi, wanki da tes

Wanki dai ki mai da shi Asabar da yamma ko Juma'a, wannan ba sai mun tsaya a kai ba. In kuɗin mota zuwa cikin gari ne matsala, ku haɗa kai ku huɗu ku ɗauki kurkura ɗaya, ko ki tsaya sujadar cikin makaranta. Majami'u da yawa a gari suna da sujada fiye da ɗaya, ta Turanci da ta Hausa, ki zaɓi ta farko ki dawo da wuri ki samu yininki.

Tes na ranar Lahadi kuwa, a matsayina na malama bari in faɗa miki gaskiya, yawancin lokaci ba mugunta ba ce. Malami ya ga zango ya kusa ƙarewa bai gama kwas ba, ya tambayi kilas ref yaushe hol yake ba kowa, aka ce Lahadi da safe, shi ke nan, bai ma tuna akwai masu zuwa coci a ajin ba. Abin yi shi ne da an sanar, a ranar ba sai ana gobe ba, ku biyu ko uku ku samu kilas ref ku je wajen malamin da ladabi, ku gaishe shi ku ce Malam muna da sujada da safe, ko za a taimaka a mai da shi ƙarfe 1 ko 2. Kar ku je da faɗa, kar ku fara da rubutu a Facebook. A abin da na gani, mafi yawansu suna gyarawa nan take, wani har haƙuri zai ba ku. In aka samu wanda ya ƙi, ki je ki rubuta tes ɗinki, ki nemi sujadar yamma, in abin ya zama al'ada sai ku kai wa malamin da ke kula da ajinku ko uban zumuntarku ya yi magana a manyance. Ba ki yi zunubi ba don kin rubuta tes ranar Lahadi.

Kunyar da kika ce kina ji

Wannan kunyar in ba a kula ba ita ke korar yara gaba ɗaya. Kin yi fashin sati biyu, sai ki ce in na je za a tambaye ni, sai ya zama sati shida, sai ki fara canza hanya in kin hango 'yan zumunta. Haka ma addu'a, sai ki ji kamar sai kin gyara kanki tukuna kafin ki iya fuskantar Allah. Ɗiyata ba bashi yake bin ki ba da zai tsare ki a ƙofa da lissafin kwanakin da kika yi fashi. Ki karanta 1 Sarakuna sura 19 ki ga Iliya, annabi guda ya gaji ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa, abin da mala'ika ya fara kawo masa abinci ne da ruwa, ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci. Wani lokacin abin da kike kira sanyin ruhu yunwa ce da rashin barci, musamman in zafin Afrilu ya shigo kina yini da garin kwaki. Ki ci abinci, ki yi barci, TDB ɗin nan na kullum, wato kwana ana karatu har gari ya waye, ba ya ƙara maki yadda kuke zato.

Sai dai in faɗa miki iyakata. Ni malama ce ba likita ba, in kin ga abin ya wuce gajiya, ba kya jin daɗin komai, ba barci ba cin abinci, kuka ba dalili har sati biyu ko fiye, to ki je kilinik ɗin makaranta ki kuma samu matar fasto ko wata babba da kika yarda da ita ki faɗa mata, kar wani ya ce miki addu'a kaɗai za ki ƙara. Kuma duk abin da na faɗa daga zama da 'yan hostel na koye shi, in kika kai ajin da za a tura ki asibiti ko wani wuri mai aikin dare, tsarin asuba zai rushe dole ki sake ɗaura shi a wani wuri. Ban kuma ga taimtebul ɗinki ba, wata ƙila akwai ranar da ta fi Juma'a sarari. Ki turo min shi in kin samu data mu duba tare, amma kafin nan gobe in ladan ya kira, ki buɗe Markus sura 1, ki kuma nemi wata a ɗakinku ko maƙwabta ki ce ta taɓa ƙafarki in ta ga ba ki motsa ba. Ki gaida su Baba in kun yi waya.